Adakar da Ba Ta Cin Albarushi

Mahaifina maƙeri ne, kakana ma haka. A garinmu, wani ƙauye da ke bakin daji yamma da Zariya, kusan duk fartanyar da ta shiga gona daga maƙerarmu ta fito, haka ma bindigogin maharba, irin waɗanda muke kira adaka, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Ni ne ɗan fari. Tun ina shekara bakwai nake zuga, na san ƙamshin gawayin ƙirya, na iya riƙe awartaki, amma ban taɓa ƙera bindiga ba. Baba yakan ce wannan sai hannu ya nuna. Kafin nawa hannun ya nuna na tafi makarantar koyon sana'a a Kaduna, daga nan na sami aiki a kamfani, daga nan kuma sai Doha. Ranar da na gaya masa ba zan dawo maƙera ba, yana tsaka da dukan wani gatari. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ci gaba da dukansa.

A Doha ina aiki ne a wani kamfanin iskar gas, a sashen da ake yanka ƙarfe da inji. Muna zaune a Wakra, wani gari a bakin teku kusa da Doha, ni da maiɗakina da yara uku. Ina cikin shekara ta tara a nan 'yan bindiga suka tayar da garinmu. Mutane suka watse, wasu Zariya, wasu Kaduna, wasu inda ba mu sani ba har yau. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu kafin wannan, don haka ƙanwata ta ɗauke Baba zuwa gidan mijinta a Zariya, aka ba shi ɗaki a bakin zaure.

Kowace Juma'a idan na dawo daga masallaci na ci abinci, sai in kira wayar ƙanwata ta miƙa masa. Mu gaisa. In tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Ya tambayi iyali, in ce suna gaishe shi. Daga nan sai shiru, har ɗayanmu ya ce to madalla. Dama tsakanin uba da ɗan fari a wajenmu ba a yawan hira, ko sunana ba ya kira, amma wannan shirun daban yake. Ƙanwata ta ce wuni yake a kan tabarma, hannayensa bisa gwiwa, ba ya fita sai salla. An kai shi asibiti, likita ya ce ban da hawan jini da yanar da ta fara rufe masa ido, babu abin da ya gani. Haka muka yi shekara biyu.

Wata Asabar da safe, a lokacin sanyi, na fita yawo wajen tashar jiragen masunta. A kan hanyar dawowa na bi ta wani lungu a bayan kasuwa, sai na ji ƙarar magagari a kan ƙarfe. Wani tsoho ne Balushe, baƙo daga wata ƙasa a tsallaken teku, a cikin ɗan shagonsa, da hula da farin gemu, ya ɗora wata doguwar bindiga a kan cinya yana gyara mata ɗaurin tagulla. Irin waɗanda Larabawan nan ke ratayewa a bangon ɗakin baƙi ce. Na yi sallama na tsaya, na kuma daɗe a tsaye fiye da yadda ya kamata. Da ya ga ba ni da niyyar tafiya sai ya miƙo mini ita. Ban san lokacin da na kai ta kafaɗa na kwantar da kunci a jikin ƙotar ba, kamar yadda na ga maharba na yi a ƙofar maƙerarmu sau ba adadi. Tsohon ya dube ni ya tambaya da Larabci ko ni mafarauci ne. Na ce masa a'a, ɗan maƙeri ne. Ya jawo kujera da ƙafa ya ce in zauna, ya aika aka kawo shayi.

Da Larabcina na wajen aiki da nasa Larabcin na kasuwa muka fahimci juna. Shi asalinsa masassaƙin jirgin ruwa ne, da ƙarfi ya ragu ya koma gyaran kayan ado: akwatunan amare, kuben wuƙaƙe, tsofaffin bindigogi. Na koma gida da abin a raina. Asabar ta gaba na sake zuwa, ta uku na gaya masa ina so in yi adaka irin ta garinmu da hannuna, in zai ba ni wuri a shagonsa.

Kafin nan na yi shawara da wani abokina, mutumin Katsina da ke aikin gadi a wani babban kanti, wanda ya girme ni a zaman ƙasar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Injiniya, nan ba gida ba ne. Ka yi abin da ya yi kama da makami a ƙasar nan, khalas, shi ke nan, kai da iyalinka sai jirgi." Gaskiya ya faɗa, na kuma sani. Da na kai wa tsohon wannan magana sai ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ya yi da kansa, ya ce in leƙa bakinta. Ramin bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, sauran duk ƙarfe ne cur. Ya ce duk abin da ya fito daga shagonsa haka yake, ado ne kawai, a kan haka aka ba shi izinin aiki, kuma in zan yi tawa a wurinsa to haka za ta kasance. Raina bai so ba. Na amince ne don babu wata hanya.

Ya ba ni wani guntun katako, ragowar aikin jirgi, wanda suke kira saj. Na ɗauka na juya, na rasa ta inda zan fara. A wajen aiki takarda ake ba ni da zane da awo, in saita inji. Nan babu takarda. Siffar adakar Baba tana idona sarai, amma ban san tsawonta ba, ban san inda ƙota ke fara lanƙwasa ba, ban san komai ba sai kamanninta.

Juma'ar da ta biyo, bayan mun gama gaisuwa, shirun nan ya zo. Maimakon in ce to madalla sai na ce, "Baba, ina da tambaya. In za a sassaƙa ƙotar adaka, yaya ake auna tsawonta?"

Sai ya mayar mini da tambaya.

"Wa zai yi?"

"Ni."

"Da wane itace?"

Na gaya masa. Ya ce bai san shi ba, shi da maɗaci ya saba. Ya tambaya ko ya bushe, ko yana da nauyi, in aka ƙwanƙwasa shi wane irin sauti yake yi. Na ce ban ƙwanƙwasa ba. Ya yi wani ɗan tsaki da na daɗe ban ji ba, irin wanda yake yi mini idan na bar wuta ta yi sanyi. Sannan ya ce ba a auna ƙota da igiya, da jikin mai ita ake aunawa, daga lanƙwasar gwiwar hannu zuwa yatsan da zai ja kunama. Shi ya sa, in ji shi, maharbi ba ya jin daɗin bindigar aro. Ranar mun yi kusan rabin awa. Da ƙanwata ta karɓi wayar sai ta koma gefe ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, me ka ce masa?"

Ƙotar farko ban ji daɗinta ba. Na yi gaggawa. Na ga gizagon tsohon yana cin lokaci, sai na kai katakon wurin wani kafinta a unguwar masana'antu, aka fitar mini da siffar da zarton lantarki cikin 'yan mintuna. Ta yi kyau a ido. Da na zo fafe kwarin da bututu zai kwanta, ina buga kurfi sau uku sai katakon ya tsage tun daga wuya har kusan gindi. Tsohon yana kallo, sai da ya ƙare shayinsa ya tashi ya ɗauko mini wani guntun.

Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi: da me na yanke? Na faɗa masa gaskiya. Ya ce inji ba ya jin itace, inda aka tura shi nan yake bi. Itace yana da jijiya, kuma wuyan ƙota, inda ya fi siranta, dole jijiyar ta bi shi a miƙe, in ta gitta to ko ba a taɓa shi ba wata rana zai karye. Ya ce in jiƙa katakon da ruwa kaɗan in fita da shi rana in duba, zan ga hanyarta. Na yi haka, na kuma gani. Shekara ashirin ina aikin ƙarfe, ina da takardun shaida a cikin akwati, ga ni tsugune a bakin lungu da jiƙaƙƙen katako ina koyon abin da yaran maƙera ke sani tun kafin su yi kaciya.

Ta biyu ta ɗauke ni wata huɗu, Asabar kawai nake samu, wani lokaci da yammacin Juma'a. Zafi ya shigo. Wanda bai yi bazara a bakin tekun nan ba ba zai gane ba: iska kanta jiƙe take, kana fita riga ta manne maka. Na'urar sanyaya ɗakin tsohon ta tsufa kamar shi, tana ƙara fiye da aiki. Gumi yana ɗiga a kan katakon yana barin tabo, sai na goge da samfefa. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Maiɗakina ta ce mutane na hutawa ranar hutu, ni kuwa na je na samo wa kaina wani kafil ɗin, wato ubangidan aiki. Amma ita ce take ajiye mini ruwan sanyi a jaka, ita ce kuma take tuna mini lokacin kiran Zariya ya yi.

Kiran ya tashi daga na Juma'a kawai ya koma har da Asabar. In ina shagon sai in jingina wayar a jikin gwangwanin ƙusa, Baba yana jin saran gizago yana gyara mini. Yakan ce saran ya yi zurfi, in rage hannu, kuma in na duba sai in ga haka ne. Tsohon Balushe ba ya jin Hausa, Baba ba ya jin Larabci sai na salla, amma sun saba har suna gaisawa, wannan ya ce salamu alaikum ya usta, wato gwanin sana'a, wancan ya amsa ya ƙara da sannu da aiki. Wani lokaci su saɓa a kan abu, ni ina tsakiya ina tafinta. Tsohon yana son a yi wa ƙota zane a dasa mata farin ƙarfe, Baba ya ce adaka ba amarya ba ce. Na bi ta Baba. A cikin waɗannan watanni na ji labaran da ban taɓa ji ba: yadda kakana ya koya masa, irin dukan da ya sha, wani maharbi da ya zo da bindiga a cikin buhu gunduwa-gunduwa bayan ɓauna ta taka ta. Ƙanwata ta ce ya fara tambayar yau wace rana ce. Ta ce wata Laraba ya sa an raka shi kasuwa, ya zauna a rumfar maƙera har azahar.

Abu ɗaya na ɓoye masa. Ban gaya masa bututun ba zai zama na gaske ba. Kunya nake ji. Ina ganin in ya sani zai ce ashe wasan yara muke yi, ya koma shirunsa.

Da aka gama ƙota na kawo sandar ƙarfen da za ta zama bututu, na fara gyara ta da magagari. A nan na lura Baba ya canja. In na tambaye shi abin da ya shafi ƙarfen sai ya amsa a taƙaice, ko ya ce ya manta, shi da bai manta sunan karen maharbin da ya mutu shekara arba'in ba. Asabar biyu a jere ƙanwata ta ce yana barci. A ta uku ya karɓa, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai, wannan abin da kake yi, wa za ka harba da shi?"

Na ce babu kowa.

"Kowa haka yake cewa. Na biri ne, na gada ne."

Sai na ajiye magagarin na fita waje, na tsaya a inuwar bango, na gaya masa komai. Na ce ƙarfen toshe yake, ramin bakinsa bai wuce yatsa ba, babu kafar da wuta za ta shiga, ba za ta taɓa cin albarushi ba. Na ce dokar ƙasar ce ta sa, kuma na ɓoye masa ne don kada ya raina aikin. Na ba shi haƙuri.

Na ji numfashinsa a wayar. Can ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake faɗa. Sannan ya ce wa ƙanwata ta ba shi wuri, na ji takunta tana fita.

Abin da ya gaya mini ranar, ko ita ba ta sani ba. Kwana biyu kafin a shigo garinmu labari ya riga ya iso cewa suna tafe. Dattawa suka kasu biyu, wasu suka ce a kwashe mata da yara a bar garin, wasu suka ce a tsaya. Maharba na cikin masu cewa a tsaya, shugabansu kuwa aminin Baba ne tun suna yara, tare aka yi musu kaciya. Shi ya tattaro bindigogin ya kawo maƙera, waɗansu sun yi tsatsa, waɗansu kunamarsu ta saki. Baba ya ce ya san abin da waɗancan mutane ke riƙe da shi, ya san adaka harbi ɗaya take yi sai an sake ɗuri, ya san ba a haɗa su. Ya ce ya buɗe baki zai faɗa, amininsa ya dube shi ya ce, kai dai gyara. Ya gyara. Wuni biyu yana aiki, ya ce bai taɓa yin aiki mai kyau kamar na waɗannan kwanaki ba. Mutum shida suka fita suka tare hanya a bakin rafi. Babu wanda ya dawo da ƙafarsa.

"Da na ce ba zan gyara ba," in ji shi, "da ba su da abin fita. Da sun bi mu. Da yanzu yana nan yana damuna da surutu."

Na ce masa kwana ne ya ƙare, kuma tsayawar da suka yi ce ta ba mata da yara lokacin tsallaka rafi ta ɗaya gefen, ƙanwata ta taɓa gaya mini haka. Ya ce ya sani, malamai ma sun faɗa masa, kuma bai ja da hukuncin Allah ba. Amma hannunsa ne ya yi aikin. Ya ce tun daga ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa ba zai ƙara sa hannu a bindiga ba, ko da baki. Da na zo da tambayar ƙota sai ya ce wa kansa ai itace ne, itace ba ya kisa. Yana jin daɗin hirar, yana kuma tsoron ranar da za a zo kan ƙarfe.

Daga baya ya ce in koma bakin aikina, rana na yi. Na koma ciki. Tsohon ya dubi fuskata, ya rufe shagon da wuri muka tafi masallaci tare.

Bayan wannan aikin ya tafi da sauri, ko kuma ni ne na daina jin tsawonsa. Baba ya dawo da ƙarfinsa. Tunda ba za ta yi harbi ba, sai ya ce to dole ta yi kyau, ba ta da wani uzuri. Kunama sau uku ina yin ta yana sa ni sakewa, don ya ce daga ƙarar faɗuwarta ya ji ba ta zauna daidai ba, alhali ba abin da za ta taɓa tayarwa. Ɗaurin tagulla guda uku da ke riƙe bututu a jikin itace tsohon ne ya nuna mini yadda ake lanƙwasa su, a nan Baba ya yarda Balushe ya fi shi. Sandar ɗuri na fere ta daga ragowar ƙotar farko da ta tsage. Da aka zo shafe, tsohon ya kawo wani mai a kwalba, Baba ya ce a'a, man kaɗe. Maiɗakina ta buɗe wanda aka aiko mata daga gida ta ɗebo mini. Na yi sati uku ina murza shi da tafin hannu, a shanya, a sake, har katakon ya yi duhu ya ɗauki sheƙi.

Na gama ta wata Asabar da hantsi, wata goma sha ɗaya bayan na fara. Ta fi adakar gaske nauyi saboda ƙarfen cur ne. Na kira ta bidiyo, ƙanwata ta kai wayar kusa da fuskarsa. Ya matso, ya ja baya, ya karkata kai. Yanar ta riga ta yi yawa. Ya ce yana ganin abu dogo, shi ke nan. Ƙanwata ta shiga kwatanta masa, launin, tagullar, amma ita ba ta san abin da ake dubawa ba, shi kuma ba abin da yake son ji ke nan ba. Ya dakatar da ita. Ya ce in ƙwanƙwasa ƙotar kusa da waya, a gindi, a tsakiya, a wuya. Na yi. Ya ce in ɗora ta a kan yatsu biyu in gaya masa inda ta tsaya ba ta rinjaya ba. Na gaya masa, ya ce ta yi gaba kaɗan, amma ya san dalili. Sannan ya ce in zaɓi wani abu a bango, in rufe ido, in kai ta kafaɗa, in buɗe. Na zaɓi wata ƙusa da tsohon ke rataye carbi. Da na buɗe ido bakin bindigar yana kanta.

"Tana kai?"

"Tana kai, Baba."

"To. Ba laifi."

A iya sanina da shi ban taɓa jin ya yaba aikin wani maƙeri da abin da ya wuce wannan ba.

Ban iya kai masa ita ba. Na yi tambaya, aka ce ko ta ado ce, shiga da ita jirgi da fita da ita a filin jirginmu wahala ce da ba ta da ranar ƙarewa, kuma a halin da ake ciki a gida ba abin da mutum zai so a gan shi da shi a hanya ba ne. Da na tafi hutu a ƙarshen shekarar sai na wanke hotonta babba na tafi da shi. Ya riƙe takardar, ya shafa ta, ya ajiye a gefen tabarma. Sai ya ce in ba shi hannuna. Rabon da ya riƙe hannuna tun ina yaro. Ya bi tafin da babban yatsansa, ya tsaya a kan kantar da gizago ya bar mini, ya danna, ya juya bayan hannun, ya saki. Sai ya tambaye ni ko tsohon nan yana lafiya.

Mun yi masa aikin ido a wannan hutun, ɗaya ya buɗe sosai, ɗayan bai yi ba. Da wanda ya buɗe ya kalli hoton, ya ce kunamar ta ɗan yi tsawo.

Ana jibi zan koma, da la'asar, muna zaune a ƙofar gida, ya ce akwai maganar da yake so in riƙe. Safiyar da za su bar gari, ya ce, bai ɗauki tufafi ba, bai ɗauki hatsi ba. Ya haƙa rami a bayan maƙera, tsakanin rumbu da bishiyar tsamiya, taku huɗu daga gindinta ta gabas, ya mirgina uwar maƙera ciki, wadda ya gada daga kakana, ya haɗa da masaba biyu ya naɗe su a buhu, ya rufe, ya watsa toka a kai. Ya ce bai gaya wa kowa ba don kada wani yaro ya yi gangancin komawa ɗaukowa. Ya ce ba ya so in je yanzu, kuma ba ya so in aiki kowa. In Allah ya kawo zaman lafiya, in je in tono ta, in ba ni da abin yi da ita in ba wa maƙerin da zai yi fartanya. Ya sa na maimaita masa wurin sau biyu.

Ya rasu da damina ta gaba, ranar Talata da safe, ina wajen aiki. Kafin in sami jirgi an riga an kai shi makwancinsa, kamar yadda ya kamata. Na isa ana zaman makoki, na tarar da maƙeran kasuwa su huɗu a cikin masu karɓar gaisuwa, mutanen da ban taɓa gani ba. Ɗayansu ya ce mini kusan kullum sai ya je rumfarsu a watannin ƙarshe, ba ya taɓa guduma, amma yana zaune yana gaya wa yaransu inda suka yi kuskure.

Adakar tana rataye a falonmu a Wakra. Baƙi sukan tambaya ko tana aiki, in ce a'a. Tsohon Balushe ya rufe shagonsa bara ya koma ƙasarsu wurin 'ya'yansa, ya bar mini gizagon. Ban sake yin wata ba. Na yi wa maiɗakina akwati, na yi wa yara kujeru biyu marasa kyau.

Garinmu har yanzu babu kowa. Wani ɗan uwanmu da ya ratsa ta kusa a kan babur ya ce ciyawa ta rufe hanya, rufin gidaje duk ya zube, amma ya hango tsamiyar tana nan. Na rubuta wurin a takarda, taku huɗu ta gabas, na ba ƙanwata kwafi ɗaya, na kuma gaya wa babban ɗana da baki.